Mai Makulli da Ruwan 'Yan Tudu

Ya 'yan uwa, ku matso gaba, na baya ku bar hirar nan haka. Yau ba dogon karatu zan ja ba. Labari zan ba ku, kuma ba na dariya ba ne.

An yi wani mutum a wani gari da ruwa ke yi wa wuya. Ba zan kama sunansa ba, don ya bar 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba. Mutanen garin ma sun daɗe da ajiye sunansa gefe, Mai Makulli kawai suke ce masa.

Rijiyar burtsatse ɗaya ce a garin, da tanki ɗaya a kan dogayen ƙafafun ƙarfe. Inji yana turo ruwa sama har tanki ya cika, amma ruwan ba ya isar kowa a lokaci guda. Daga gindin tankin bututu ya rabu uku. Ɗaya ya haura unguwar tudu, ɗaya ya miƙe unguwar tsakiya, ɗaya ya sauka unguwar gangare. Kowane bututu da bawul ɗinsa, duka a cikin wani ramin siminti mai murfin ƙarfe da kwaɗo. Makullin kwaɗon, da dogon ƙarfen da ake zurawa a juya bawul, suna hannun mutumin nan.

Dattawan garin da hankali suka tsara rabon. Suka ce da safe, lokacin da tanki yake cike maƙil, ruwan na 'yan tudu ne, kuma a rufe sauran biyun ruf. Me ya sa? Saboda ruwa ba ya son hawa. Sai tanki yana cike, kuma babu wata kafa da zai bi, sannan yake daurewa ya haura. In ya sami hanyar gangara, ko yaya ƙanƙantarta take, can zai nufa, ya bar na sama da famfo yana huci. Idan 'yan tudu sun ɗiba sai a rufe nasu a buɗe na tsakiya. 'Yan gangare su ne ƙarshe, don su ko ruwan ya kusa ƙarewa zai iske su. Kowa ya yarda, aka shafa fatiha, aka danƙa wa mutumin nan makulli, saboda kullum a sahun gaba ake ganinsa kuma ba a taɓa kama shi da cin amana ba. Ku na sahun gaba ku daina haɗe rai, ba da ku nake ba. In kuma da kai nake, to ka ji.

Shi kansa ɗan tudu ne. Can aka haife shi, can mahaifiyarsa take zaune a gidan gado tare da autanta, wani mai walda, saurayin mutum mai zafin zuciya da saurin yarda. Auta bai san wani uba ba sai yayan nan nasa. Shi ya riƙe shi, shi ya kai shi koyon sana'a, shi ya tsaya masa har ya yi aure. In yayansa ya ce fari baƙi ne, Auta zai ce lallai ya ga alama. Shi kuwa Mai Makulli da ya sami hali sai ya yi gini a gangare, gida na farko a kan bututun unguwar, da fili a bayansa wanda ya zagaye da doguwar katanga.

Shekaru aka yi ana zaune lafiya. Sai mutumin ya yi lambu a filin nan: albasa, tumatir, da 'yan bishiyoyin gwanda. Lambu ba haram ba ne, ni ma ina da 'yar shuka a bayan ɗaki, akuyar maƙwabci ce ke amfana da ita. Amma da zafi ya shigo, ruwan yamma da ke isa gangare ya zama na sha da girki kawai, ganye ya fara lanƙwasa. Mutumin ya tsaya yana kallon albasarsa tana mutuwa, zuciyarsa tana ƙuna kamar ɗa ne ke jinya.

Ya haƙa kwatarniyar siminti babba a cikin lambun. Ya kuma sa wani ɗan bawul a kan bututun gaba da gidansa, ya ce wa maƙwabta saboda gyara ne, in wani wuri ya fashe. Babu wanda ya kawo komai a ransa. Wata safiya ya rufe wannan ɗan bawul ɗin, ya je gindin tanki, ya buɗe wa 'yan tudu nasu kamar kullum. Sannan ya mayar da ƙarfen kan na gangare, ya ɗan juya shi kaɗan, ko rabin juyi bai kai ba. Ya ce a ransa ɗan wannan me zai rage wa wani. Ya mayar da murfi, ya datse kwaɗo. Ruwan 'yan tudu ya bi gangara, ya tarar da hanya a rufe gaba da gidansa, ya juye cikin kwatarniyarsa.

Ya 'yan uwa, da jahili ne ya yi wannan, da sai mu ce bai sani ba. Amma wa ya fi shi sanin halin ruwan nan? Shi ne yake yi wa yara bayani cewa ruwa ba ya hawa in ya ga ƙofa. Ya sani sarai. Abin da bai so ya sani ba shi ne fuskar matar da ke tsaye a ƙarshen layi.

Da farko gidajen can ƙarshen tudu ne suka rasa. Famfo ya riƙa tsiyaya kamar hancin mai mura, layi ya yi tsawo, lokaci ya ƙare bokitai da yawa babu ko ɗigo. Da ya ga babu wanda ya gane, sai hannu ya saba, juyin ya ƙaru. Aka wayi gari famfunan tudu ba sa fitar da komai sai iska. Mata su kwana da niyya, su jera bokitai tun da jijjifi, su murɗa kan famfo su ji yana huci, su tsaya har rana ta take.

Kun san abin da ƙishirwa take yi wa mutane? Matan da suka yi shekaru suna aron gishiri a tsakaninsu suka koma dambe. Wata ta matsar da bokitin wata, aka kama kokawa, aka yaga zane, aka ciji kunne har ya ɓalle. Wata tsohuwa aka ture ta ta faɗa kan dakalin famfo, haƙoranta na gaba suka zube. Maza suka shiga faɗan mata, maƙwabci ya daina gaida maƙwabci. Waɗanda suka gaji suka koma wani tafki mai nisa inda shanu ke sha suna fitsari a ciki, suka riƙa ɗebo wannan jan ruwan suna ba yara. Amai da gudawa suka shiga unguwar.

In an tambayi Mai Makulli, bakinsa ba ya rasa amsa. Yau inji ya yi sanyi, gobe iska ce ta shiga bututu, jibi rijiyar ce ta ja baya saboda zafi. Ya riƙa aika wa mahaifiyarsa jarkoki a baro, mutane suna cewa kai, Allah ya ba mu ɗa irin wannan. Ita kuwa baiwar Allah ba ta san daga inda suke fitowa ba. Kafin azahar ta rabar wa maƙwabta, ta zauna da ɗan abin alwala.

Matarsa ce kaɗai ta sani, don ita ke jin ƙarar ruwa yana zuba a bayan ɗakinta kowace safiya. Ta same shi ta ce ya ji tsoron Allah, yara suna mutuwa a sama. Ya ɗauke ta da mari har ta kifa kan murhu, ya ce in ta ƙara buɗe baki a kan maganar nan sai dai ta buɗe shi a gidan ubanta. Ta share jinin leɓenta ta yi shiru, kuma wannan shirun ya dame ta har ƙarshen rayuwarta.

Ana cikin haka jaririyar Auta ta kamu. 'Yar fari ce, ko zama ba ta fara ba. Ta yi ta zawo har idanunta suka faɗa, ta cika a hannun uwarta. Mai Makulli ya je jana'iza, ya zauna karɓar gaisuwa, ya yi ta cewa haƙuri, haƙuri. Washegari kuma da safe ya je ya juya ƙarfensa kamar yadda ya saba. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Ba a daɗe ba Auta ya same shi a gindin tanki da hantsi. Mai Makulli yana zaune a kan murfin ramin, ruwan sata yana gudu a ƙarƙashinsa. Idanun Auta sun yi jajir don rashin barci. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce:

"Yaya, na hau tankin nan na leƙa da idona. Da safe cike yake, kafin rana ta ɗaga ya yi rabi, mu kuma ko ɗigo ba mu gani ba. Ruwan nan wani wuri yake zuwa. Don girman Allah ka gaya mini ina ne."

Ya 'yan uwa, ga ƙofar tuba Allah ya buɗe masa, a gaban ƙaninsa, babu kowa a wurin. Da ya ce ni ne, me zai faru? Auta zai yi kuka, wataƙila ya zage shi, wataƙila ya yi shekara bai gaishe shi ba. Za a karɓe makulli, a yi ta yi da shi a gari. Kunya ce kawai. Amma mutumin ya auna kunyar, ya ga ta fi ƙarfinsa.

Ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyin magana. Ya ce shi bai so ya faɗa ba, don kada a ce ya haɗa faɗa. Amma bututun tudu ta bayan gidan mai wanki yake wucewa, a bakin unguwar tsakiya. Ya ce Auta ya duba igiyoyin mutumin nan, kullum cike da jiƙaƙƙun kaya, alhali gari na kukan ruwa. Ya ce yana kyautata zaton mai wanki ya huda bututun a ƙarƙashin ƙasa ya ja zuwa gidansa.

Mai wankin nan dattijo ne, talaka, mai 'ya'ya da yawa. Ruwan da yake aiki da shi a kura yake turo shi daga tafki, shi da babban ɗansa, har kafaɗunsu sun yi kanta. Duk unguwar tsakiya sun san haka. Amma Auta ba ɗan tsakiya ba ne, kuma yayansa ne ya faɗa. Auta ya miƙe ya haura tudu. Mai Makulli yana kallon bayansa. Murya ɗaya zai ɗaga ya dawo da shi, amma ya bar shi ya tafi.

Kafin azahar samarin tudu suka gangaro, da fartanya da diga da sanduna, Auta a gaba da guntun rodi a hannu. Suka tarar da mai wanki a rumfarsa yana guga. Ba su yi sallama ba. Auta ya shaƙo wuyan rigarsa ya fizgo shi waje, ya ce ya nuna inda ya huda. Dattijon ya ce wace huda, ya rantse da Allah, ya sake rantsewa. Rantsuwar ce ma ta ƙara tunzura su. Rodi ya sauka a kafaɗarsa, ya sauka a haƙarƙarinsa, ana jin ƙashi yana karyewa. Ya faɗi, suka bi shi da ƙafa. Matarsa ta fito ta faɗa kansa, aka yi jifa da ita gefe. Wasu kuma suka hau haƙa a nan bayan gidan, dab da rumfar, suna neman bututun.

Ihu ya tashi, 'yan tsakiya suka fito, kowa da abin da hannunsa ya kai gare shi: taɓarya, itacen girki, adda. Aka haɗu a lungun. Ba wanda ke tambayar me ya faru, in ba ɗan unguwarku ba ne kai dai kai masa. Aka fasa kawuna, aka sare wa wani yatsu, wani aka soke shi a cinya ya riƙa jan jiki yana kiran uwarsa. Mutanen da suka yi sallar asuba a sahu ɗaya ke nan.

Babban ɗan mai wanki ya dawo daga tafki da kurarsa, ya tarar da ubansa kwance cikin jini, Auta a tsaye a kansa da rodi. Ya saki kurar. Ya shiga rumfa ya sunkuci dutsen guga, irin na gawayi, cike da garwashi, ya zo ta baya ya sauke shi a kan Auta da hannu biyu. Kan ya dare. Garwashi ya watsu a kan tulin kayan mutane, rumfa ta kama da wuta. Auta ya yi taga-taga ya faɗa cikin ramin da abokansa suka haƙa, ya yi shure-shure kaɗan, ya daina motsi.

A nan kowa ya tsaya. Suka leƙa ramin don su ɗauko shi, sai ga bututun a fili ƙarƙashin gawar, sumul, babu huda, babu reshe, tun daga wannan katanga har waccan. Wani saurayi da haushi ya rufe wa ido ya ɗaga diga ya sara shi, sauran ruwan tankin ya tsiyaye cikin ramin ya gauraya da jini. Wasu 'yan tsakiya kuma sun riga sun ruga gindin tanki sun farfasa inji da duwatsu, wai in ba za su zauna lafiya ba kowa ma ya rasa. Kafin la'asar babu ruwan famfo ko na kurkure baki a garin.

Dattawa suka iso suna salati, suka tambaya wa ya ce mai wanki ya huda bututu. Samarin suka kalli juna. Ɗaya ya ce Auta ne ya faɗa musu, shi kuma yayansa ne ya gaya masa.

Unguwa biyun da suka gama sarar juna suka ɗunguma tare zuwa gangare. Mai Makulli ya kulle kansa a gida. Suka ɓalle ƙofa, suka fito da shi tsakar gida, yana rantse-rantse, yana cewa zato ne kawai ya yi. Wataƙila ma da ya sha, don bakinsa akwai daɗi. Sai matarsa ta fito daga ɗaki. Ta ji an ce Auta ya mutu. Ta ratsa tsakiyar maza, ta zare sakatar ƙofar lambu, ta tura ta.

Kore shar. Albasa ta yi kai, gwanda ta yi 'ya'ya, ƙasa a jiƙe, ga kwatarniya cike har tana ambaliya. Mutanen da suka binne yara saboda ruwan tafki suka tsaya suna kallo.

Abin da ya biyo baya ba zan yaba shi ba, kuma duk wanda ya ce liman ya halatta ɗaukar doka a hannu ya yi mini ƙarya. Haramun ne, zunubi ne a kan zunubi. Amma ga abin da ya faru. Suka ja shi a ƙasa har cikin lambun. Suka danne hannunsa na dama a kan bakin kwatarniyar, suka sa dogon ƙarfen nan na juya bawul suka daddatse shi, tun daga yatsu har gwiwar hannu. Suka dulmiya kansa cikin ruwan, su ɗago, su mayar, suna cewa sha, ai naka ne. Suka tattake shukar, suka sare gwandar. Da limamin garin bai kwanta a kansa ba yana cewa sai dai ku haɗa da ni, da gawa biyu uwarsu za ta karɓa a ranar.

Aka kai Auta gidan gado a tudu, aka shimfiɗe shi a ɗakin uwarsa. Masu wanka suka zo, suka ce a kawo ruwa. Aka duba randa, wayam. Aka shiga maƙwabta, wayam. Duk garin babu ruwa mai tsabta sai a wuri ɗaya. Mai Makulli yana kwance cikin taɓo da hannu a ragargaje, ya ji ana maganar, ya riƙa roƙo da kuka a ɗebi na kwatarniyarsa a wanke ƙaninsa, ko wannan kaɗai a bar shi ya yi masa. Wasu suka ji tausayi, suka cika jarkoki suka tura a baro har ƙofar gidan.

Tsohuwar tana zaune a bakin ƙofa, ba ta kuka, idonta a bushe. Ta kalli baron, ta kalli jarkokin, ta gane su, don su ne ake kawo mata kullum. Ta tambaya daga ina. Aka gaya mata. Ta dafa bango ta miƙe, ta ce:

"Ashe abin da nake sha ke nan. Ku mayar masa. Ba za a wanke mini ɗa da ruwan da ya kashe shi ba."

Aka ba ta haƙuri, aka ce rana tana faɗuwa, gawa ba ta jira. Ta shiga ciki ta ɗauko bokiti, ta ɗora a ka, ta kama hanyar tafki, tsohuwar da ko masallaci za ta sai an riƙe ta. Matan tudu suka ɗauki nasu suka bi ta. Matan tsakiya da suka gani, su ma suka fito suka bi. Da jan ruwan nan na shanu, wanda aka tace da mayafinta, aka yi wa Auta wanka.

Mai wanki bai tashi ba, ya yi 'yan kwanaki yana aman jini ya cika. Hukuma ta tafi da ɗansa da samari da dama. Matar Mai Makulli ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu. Shi kuma hannun ya ruɓe, aka yanke. Ya riƙa hawa tudu yana tsayawa a ƙofar gidan da aka haife shi, ya yi sallama, ya ji motsin uwarsa a ciki, ba ta amsawa. Haka ya yi ta yi har ranar da aka fito da ita a makara.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai taɓa ɗaukar wuƙa ba. Bai fasa gidan kowa ba. Ɗan juyi ne na ƙarfe, a cikin rami, ƙarƙashin murfi, inda ya tabbata babu mai gani. To Wanda ya saukar da ruwan fa, Shi ma murfin ya tare masa? Lokacin ruwan da aka ce na wane ne, na wane ne, ko da kai ne ke riƙe da makulli. Ba kyauta kake yi wa mutane ba in ka buɗe musu, haƙƙinsu ne aka ajiye a hannunka. Kuma wanda ya fi nisa, wanda ke can ƙarshen bututu, wanda ba ya ganin abin da hannunka ke yi, shi ne ya fi cancanta ka ji tsoron Allah a kansa, don ba shi da mai tsaya masa sai Allah.

Sannan ku lura, satar ruwan ta yi ɓarna, amma ƙaryar da ya rufe ta da ita ce ta zubar da jini. Wanda ya yi laifi ya ɗora wa talakan da ba shi da baki, ya sani ya kunna wutar da ba shi zai ce ta tsaya a nan ba. Ku kuma samari masu saurin ɗaukar sanda, wa ya hana ku haƙa ramin nan kafin ku daki dattijo? Da kun fara da fartanya, da ba a kai ga rodi ba.

A cikinku akwai masu riƙe da makulli, na ruwa ko na wanin ruwa. Kun san kanku, ba sai na nuna da yatsa ba. In akwai wani bawul da ka ɗan juya, ka je yau ka mayar da shi, ka sami mai haƙƙi ka faɗa masa da bakinka, ka sha kunyar tun ana iya shanta.

Ya Allah, kada Ka sa haƙƙin mai ƙishirwa a wuyanmu. Kada Ka bar harshenmu ya zama sanadin jinin wani. Ka raba mu da fushin iyaye, Ka ba mu ikon tuba tun ƙofa tana buɗe. Allah Ya kiyaye mu, Ya kiyaye zuriyarmu. Amin. Ku tashi mu yi salla.